Aron Baki a Azumin Sanƙarau

Azumin bana a Dubai ya same ni. 'Yata Safiya ce ta haihu, mijinta kuma yana aiki a wani ofishin kago, masu aika kayan 'yan kasuwa ta jirgi, a unguwar Port Saeed, shi ya yi mini biza na zo wankan jego. Fulat ɗinsu yana hawa na tara a unguwar Deira. Ruwan zafi a jikin bango yake, murɗawa kawai za ki yi. Ganyen darbejiya har ƙunshi guda na ɗauko daga gida don kada a rasa, na zo na tarar da itatuwansa jere a bakin titi, ba mai ko kallonsu.

Ranar uku ga wata na gaji da sanyin esi, na'urar sanyaya ɗaki, na buɗe taga da hantsi. Iska mai ɗumi ta bugi fuskata, sai gabana ya faɗi ban san dalili ba. Da mijin Safiya ya dawo na tambaye shi wane wata ake ciki na Bature. Ya faɗa. Na ƙirga a yatsu. Ashe azumi ya gama zagayensa na shekara talatin da uku, ya dawo bakin bazara, daidai inda ya same mu a waccan shekarar.

Lokacin muna zaune a kwatas ɗin wata kwalejin horon malamai a ƙasar Gumel, ba a ma yanka Jigawa ba. Mijina, Malam Hamisu, shi ke koyar da Turanci. 'Yarmu ɗaya ce tal, shekararta shida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Ummi muke ce mata.

Daminar da ta gabata ba ta yi albarka ba, ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Kafin a ga watan azumi masu rumbu sun fara sharar gindinsa. Injin da ke ba makaranta ruwa kuma ya tsaya, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga Kano, har aka yi Sallah ƙarfen bai zo ba. Gida shida na kwatas da ɗalibai duka muka koma kan rijiya ɗaya a bayan filin ƙwallo. Ruwanta ya ja ƙasa, sau biyu ana ƙara wa guga igiya, in ya fito kuma rabinsa laka.

Zafin shekarar ba na jin zan sake ganin irinsa. Tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙas-ƙas kamar ana jifansa da tsakuwa. Kaji su kwanta a gindin randa baki buɗe. In kin taka ƙasa ba takalmi sai kin yi rawar da ba ki shirya ba. Zuwa azahar leɓe ya tsage, miyau ya yi kauri kamar ƙaro, ki jiƙa zane ki lulluɓa, kafin ki juya ya bushe.

Da an sallame asuba muke fita rijiya, mu matan kwatas, tun rana ba ta leƙo ba. Biyu su ja, biyu su tace da ƙyalle, sauran su kai gida. A jefa alif a bokiti a jira laka ta kwanta. Ruwan da aka wanke gero da shi ba a zubarwa, shi za a wanke kwanuka, abin da ya rage a ba awaki. Kananzir ya ɓace a kasuwa, itace ma sai an je nesa, saboda haka Inna Larai, matar mai dafa wa ɗalibai abinci, wadda ta girme mu duka, ta ce a daina hura wuta shida. Kowace ta yi dakanta a gida ta kawo gari, a dama kunun tsamiya a tukunya ɗaya, a raba. Ƙosai sai ranar Juma'a. Sauran ranaku kunu ne da ɗan tuwo, sai ɗanyen mangwaro da yara ke kakkaɓowa mu ci da gishiri.

A cikin wannan hali Malam yake tara ɗalibansa na ajin ƙarshe bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Katangar madafina gajera ce, duk abin da suke yi ina ji ina daka. Yana da wani littafi mara bango da wani tsohon malaminsa ya bar masa tun yana jami'a, daga ciki yake ɗauko musu aiki. Ranar farko na ji yana yi musu bayani da Hausa.

Ya ce, "Mutanen Girka na dā, in suna so yaro ya iya magana a gaban jama'a, ba sa ce masa ya faɗi ra'ayinsa. Wane ra'ayi yaro yake da shi? Sai su ɗauko masa mutum daga tatsuniyarsu ko tarihinsu, su ce, me wannan zai ce a lokacin da abu kaza ya same shi? Ka shiga rigarsa ka yi magana da bakinsa. Tsoho ba ya magana kamar saurayi, uwa ba ta magana kamar soja. Ka fara da halin da yake ciki, ka koma abin da ya wuce, ka rufe da abin da yake hangowa a gaba. Ni aron baki nake kiran abin."

Wani ɗalibi ya ce, "Malam, ai waɗannan masu bautar gumaka ne, ga mu kuma da azumi a baki."

Malam ya ce, "Ba addininsu na ce ka ara ba, bakinsu. In ka gama ka mayar musu da abinsu."

Haka suka riƙa yi, da Turanci, in ya ƙi su juya Hausa. Yau wannan ya zama sarkin da ya sa aka yi wa teku bulala don ta karya masa gada. Gobe wancan ya zama tsohon sarkin da ya je tsakiyar abokan gaba yana roƙon gawar ɗansa. Ranar da aka ba wani aikin mutumin tudu da ya fara ganin teku, ya miƙe ya dafe kai ya ce, "Jama'a, wa ya bar wannan ruwa haka ba murfi? Ku ba ni jarka biyu kafin mai shi ya dawo!" Dariya har ta sa na saki taɓarya. Da yunwa da ƙishirwa, amma sa'ar nan ɗaya mantawa ake yi.

Ummi ba ta bari ko ɗaya ya wuce ta. Tana maƙale a jikin katanga tana leƙe. Da sun watse sai ta hau kan turmi ta ce ita ma za ta yi aron baki. Wata rana ta ce ita guga ce. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Kullum ku jefa ni rami, in fito muku da ruwa, ku shanye, ni ko kurɓi ɗaya!" Malam yana alwala a gefe. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. 'Yar fari ce, ba ya wasa da ita a gaban mutane, ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce "yarinyar nan".

Ni kam ban iya wannan kunyar ba, kuma an sha yi mini gori a kai. A azumin nan ta nace sai ta ɗauka. Ranar farko ta kai azahar, ta biyu ta kai la'asar, ranar bakwai ga wata ta kai har magariba. Washegari a bakin rijiya na kasa riƙe bakina. Na ce, "Ku zo ku ga 'yar shekara shida da ta kai azumi a wannan zafin. Duk kwatas ɗin nan a nuna mini irinta." Inna Larai ta ce, "Zulai, ki ce masha Allah mana." Na ce masha Allah ina dariya.

Ranar tara ga wata ta bi ni rijiya da ɗan galan ɗinta, da azumi a bakinta. Muna dawowa ta ce kanta na ciwo. Kafin azahar ta yi amai sau biyu, jikinta kamar garwashi. Na ɗura mata ruwa. Malam ya dawo daga aji ya taɓa goshinta ya ce rana ce ta buge ta, a ba ta maganin zazzaɓi a jiƙa mata zane, in abin ya kai safe sai a tafi asibiti. Asibitin yana cikin gari, da nisa, babur ɗinsa kuma ba mai, don layin gidan mai kwana ake yi a kai. Ni ma abin da na gani ke nan, rana ce.

Da gari ya waye wuyanta ya sandare. In an ɗaga kanta sai ta yi ƙara, haske ma ba ta so. Inna Larai tana leƙowa ta ce, "Innalillahi, sanƙarau ne." Motar ɗaukar itacen makaranta ce ta kai mu. Muka tarar asibiti ba masaka tsinke, gadaje sun ƙare, an shimfiɗe mutane a gindin itatuwa, an rataye ledojin ƙarin ruwa a jikin rassa. Ma'aikatan sun yi iya yinsu. Kwana ɗaya da wuni muka yi a kan tabarma, ina yi mata fifita da murfin kwano. Sau ɗaya ta farfaɗo sosai, na ɗiga mata ruwa a baki da cokali. Ta dube ni ta ce, "Umma, azumina ya karye?" Na ce bai karye ba, an yi magariba. Rana kuwa tana tsaka. Bayan azahar ta cika.

Kwana bakwai ana zuwa gaisuwa. Malam yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, kowa ya zo ya ce masa sai haƙuri, ya ce haƙuri ya zama dole. Ban ga hawayensa ba. In ya shigo ya ci abin da aka ajiye masa, ya fita masallaci. Ni kuma a cikin gida maganganu suna iso ni ta bayan fage. Ba wadda ta faɗa a gabana, amma na ji: baki ne, uwarta ce ta yi mata baki, wa ya taɓa yabon 'yar fari a bakin rijiya. Ban musa ba, don abin da nake gaya wa kaina ke nan tun a asibiti. Na daina zuwa rijiya, Inna Larai ce take aiko mini da bokiti ɗaya. Abu ɗaya nake jira, Malam ya ce mini ba haka ba ne. Bai ce komai ba.

Ranar ashirin da biyu ga wata ya sake kiran ɗalibansa. Ina madafi na zuba gero a turmi na ji yana gaya musu aikin ranar. Wata sarauniya ce a tatsuniyar Girkawa mai 'ya'ya da yawa, maza da mata. Ta yi alfahari da su a bainar jama'a, har ta ce ta fi wata abar bautarsu da ke da biyu kacal. Sai aka turo biyun nan da kibau suka harbe 'ya'yanta duka a rana ɗaya. Me za ta ce tana tsaye a kan gawarwakinsu?

Ba ɗalibin da ya motsa. Sai Malam ya ce, "To, yau ni zan yi."

Da Hausa ya yi, da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Jiya da safe ni uwa ce. Yau ban san sunan da za a kira ni da shi ba. Ga tabarmarsu ban naɗe ba, ga ƙoƙon da suke shan kunu. Ƙaramar cikinsu a wuya kibiyar ta same ta, na ɗaga kanta ta yi ƙara. Wa ya aike ni? Mata nawa Allah ya ba 'ya'ya suka yi shiru? Ni ce na tsaya a tsakiyar mata na ce ku zo ku gani, a nuna mini irin nawa. Bakina ne ya nuna wa maharba inda za su harba. Da na haɗiye maganar nan, da yanzu suna nan suna damuna da surutu."

Ban san lokacin da taɓarya ta faɗi ba. A nuna mini irin nawa. Maganata ce, ta bakin rijiya, wani ya kai masa, shi kuma ya ɗauko ta ya shanya a gaban yara ashirin. Kwana goma sha ɗaya ina jiran ya buɗe baki, ashe abin da ke cikinsa ke nan. Na bar geron nan a turmi kaji suka hau, na shige ƙuryar ɗaki na turo ƙofa, na kifa kaina a katifa na toshe kunnuwa da filo.

Dab da magariba ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Zulai, kin ji abin da na faɗa?"

Na ce, "Na ji."

"Duka?"

"Na ji abin da ya ishe ni."

Ya ce, "Ki bari in yi miki magana ɗaya."

Na tashi zaune na ce, "Malam, na haɗa ka da girman Allah, kada ka ƙara yi mini maganar yarinyar nan, ko maganar yau, har ƙasa ta rufe idon ɗayanmu. In ka yi ban yafe ba."

Aka kira salla. Ya ce, "To," ya ɗauki buta.

Malam mutum ne da in an haɗa shi da Allah magana ta ƙare. Satin nan aka rufe makaranta saboda cutar, ɗalibai suka watse. Ya sa littafin a ƙasan akwati, ban ƙara ganin ya tara kowa a gindin darbejiya ba. Sai bayan Sallah da fiye da wata ruwan farko ya sauka, da iska da ƙanshin ƙasa, yara suka fito tsirara suna ihu a filin ƙwallo, ni ina jera bokitai a bakin indararo. Muka shuka ɗan filin bayan gida, shi yana sara ni ina binnewa, ba mai ce wa wani uffan. Bayan shekara uku aka haifi Safiya, sannan maza biyu. Ba mu taɓa faɗan da maƙwabta suka ji ba. Bai rage ni da komai ba, ni ma ban rage shi ba. Amma ban ƙara yabon ɗa a gabansa ba, kuma duk ranar da ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai in tashi in nemi aikin yi. Shekara goma sha ɗaya bayan Ummi ciwon hanta ya ɗauke shi.

Ranar ashirin ga azumin bana, a nan Dubai, mijin Safiya ya ce in shirya bayan la'asar ya kai ni in zaɓi kayan Sallah a shagon wani mutumin Kano da suke yi wa kago. Shagon yana cikin lungunan Deira, dilolin leshi da shadda har rufi. Mai shagon, Alhaji Nasiru, dattijo mai furfura a gemu, yana waya yana cewa kwantena ta riga ta tashi, khalas, magana ta ƙare, sai dai ta gaba. Da ya gan mu ya ajiye ya ce, "Yalla, a kawo wa Hajiya kujera." Muka gaisa, ya tambayi daga ina. Da ya ji na ambaci Gumel ya ce ai a can ya yi kwalejin malamai kafin kasuwa ta janye shi.

Ya ce, "Ko Hajiya ta san Malam Hamisu mai Turanci?"

Na ce, "Mijina ne. Allah ya yi masa rasuwa da daɗewa."

Mutumin nan da girmansa ya sauko daga kujera ya durƙusa. Ya yi wa Malam addu'a mai tsawo. Ya ce duk cinikin da yake yi da Larabawa da Indiyawa a garin nan, aron bakin Malam ne jarinsa, don kafin ya buɗe baki sai ya fara shiga rigar wanda ke gabansa. Sannan ya ce, "Amma ranar da ba na mantawa ita ce ta sarauniyar nan mai 'ya'ya. Ai ke kin fi mu sani, Hajiya, tunda don ke aka yi."

Na ce, "Tsufa ya zo, Alhaji. Tuna mini ƙarshenta."

Ya ce, "Ai bai kai ƙarshe ba. Ya yi na yanzu, ya yi na baya, da ya zo inda za ta faɗi abin da take hangowa sai ya kasa. Ya rufe littafin. Ya ce mana, matar nan gaskiya ta faɗa? Muka ce e, Malam. Ya ce a'a. Ya ce haka kowace uwa take gaya wa kanta, shi ya sa na sa mata a baki, amma ba gaskiya ba ne. Yabon ɗa bai taɓa kashe ɗa ba. Ya ce littafin nan bai ba mu aikin mijinta ba, da ya bayar, ba sai na ari bakin kowa ba. Ni na taɓa goshinta na ce a bari sai da safe. Uwarta ba ta da laifin komai, sonta kawai ta yi a fili, abin da ni na kasa."

Alhaji Nasiru ya share ido da bakin hularsa. Ya ce, "Da ƙarfi ya faɗa, Hajiya, yana fuskantar katangar madafi. Har sau biyu ya maimaita. Dukanmu mun gane ba da mu yake ba. Sannan ya juya mana baya ya ce mu tashi. Muna tafe muna jin kukansa."

Tsakanin katangar nan da katifar da na kifa kaina bai fi taku goma ba.

Ban san leshin da na nuna ba. Alhaji Nasiru ya ƙi karɓar komai, ya rako mu har bakin titi yana cewa in gaida yara. Magariba ta same mu a mota, cunkoso ya tsayar da mu kusa da bakin ruwa inda jiragen katako ke lodi. Mijin Safiya ya miƙo mini dabino da gorar ruwa ya ce, "Umma, an kira." Na karɓa na riƙe.

Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana zaune a gabana yana cin tuwona, da maganar nan a cikinsa, yana jiran in janye abin da na ɗaure shi da shi. Abin da zan ce bai wuce kalma uku ba: to, Malam, faɗi. Ga su yanzu a bakina, na rasa wanda zan gaya wa.